Tiyon da Ya Kusa Kashe Auren Jikana

Wata rana da hantsi, ranar Talata ce, na shiga gidan jikana na tarar matarsa ta ɗaure kayanta.

Akwati biyu a tsakar gida. Tukwane a cikin buhu. Har tabarmar sallarta ta naɗe.

Na ce, "Barira, ƙaura za ku yi ba ku gaya mini ba?"

Ta ce, "Ni kaɗai zan ƙaura, Inna. Yaya Tukur zai zo da mota bayan azahar."

Bari in fara gaya muku waye jikan nan nawa.

Sunansa Lurwanu. Mu mutanen bakin kogi ne a Yawuri, tun yana ƙarami ruwa ya fi masa ƙasa daɗi. Da ya girma ya yi kwas, ya samu aikin nutso a tashar jiragen ruwa can Ikko. Shi ne ke shiga ƙarƙashin manyan jirage yana kankara da gyara. Wata biyu can, sati uku gida.

Ruwan wurin ba irin namu ba ne. Baƙin mai ne da ƙazantar gari. Shi ya sa suke sa wata riga ta roba daga wuya har tafin ƙafa, ko ɗigon ruwa ba ya shiga.

To, a waccan shekarar sau uku yana dawowa gida da ciwo. Zazzaɓi, ciwon mara, fitsari kamar an zuba barkono.

Bai je asibiti ba. Kemis ya je, aka ce masa ciwon sanyi ne, aka ƙunso masa ƙwayoyi.

Kun san unguwa. Namiji yana aiki a Ikko, ya dawo da ciwon sanyi, har sau uku. Ba sai na gaya muku abin da aka riƙa faɗa a gidajen suna ba.

Barira ta ce, "Inna, na tambaye shi ya fi sau goma. Ya rantse mini bai taɓa kula wata ba. Na ce to ina ka samo? Sai ya sunkuyar da kai. Mai gaskiya yana sunkuyar da kai?"

Ni ma a raina na fara cewa yaron nan ya ci amana.

Na leƙa ɗaki. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya, jiki zafi rau.

Na ce, "Mai gidana, haka za ka kwanta matarka ta tafi? Ni fa na tsufa, ba zan iya tuƙa maka tuwo ba."

Ko murmushi bai yi ba.

Na fito zan ɗebo masa ruwa a randa. Randar tana jikin ɗakin ajiya. A nan hancina ya kama wani wari.

Jama'a, ni bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba. Amma shekara ashirin da biyu na yi ina shara da wankin fo a ɗakin marasa lafiya maza. Akwai warin da ko a kabari aka kawo mini zan gane shi.

Warin tsohuwar robar fitsari.

Na bi shi har cikin wata ƙatuwar jaka baƙa. Na zuge. Rigar aikinsa ce, an naɗe ta tsaf. Wajenta fes, har ƙamshin sabulu take yi.

Na ja ta da ƙyar zuwa tsakar gida, na rataya a igiyar shanya, na juya cikinta waje.

A daidai cinya akwai wani ɗan bawul kamar murfin kwalba. Daga ciki an haɗa shi da siririn tiyo, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Na ɗaga tiyon a rana. Cikinsa ya yi dafe-dafe.

A aljihun jakar kuma na ga wata 'yar roba irin wadda muke sa wa tsofaffin da ba sa iya riƙe fitsari. Sau ɗaya ake amfani da ita a yar. Wannan kuwa an wanke ta an sake wankewa har ta koɗe.

Na ɗaga murya. "Lurwanu! Fito nan, ko in shigo da tsintsiya!"

Ya fito yana dafa bango. Da ya ga rigar a igiya, ya ga tiyon a hannuna, sai ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Na ce, "Wannan na mene ne?"

Ya kalli matarsa, ya kalli ƙasa. "Inna, don Allah ki rufa mini asiri."

"Na mene ne, na ce?"

"Awa huɗu muke yi a ƙasan ruwa, Inna. Ba a fitowa. In fitsari ya matsa… ta nan yake fita."

"Yaushe rabon da ka wanke cikinsa?"

"Ina wanke rigar kullum."

"Cikin tiyon nake tambaya."

Ya kau da kai.

Na ce, "Kuma matarka ba ta san da shi ba?"

Ya ce, "Ya zan dubi idonta in ce ina fitsari a cikin kayana kamar jariri?"

Na ce, "Au! Ka gwammace a ce kana bin mata da a ce kana fitsari? Duk Yawuri akwai wanda ba ya yi?"

Barira ta toshe baki da mayafi. Ban sani ba ko dariya ce ko kuka.

Na ce ta miƙo mini farin kwanon sha da buta. Na kafa bakin butar a tiyon, na sa Lurwanu ya buɗe bawul ɗin, na tsiyaya ruwa.

Ba zan siffanta muku abin da ya fito ba, wataƙila wani yana cin abinci. Abin da zan ce kawai, kwanon nan ba a sake shan ruwa da shi ba.

Na ce, "Ka gani? Ka gama aiki, ka wanke waje, ka naɗe da sauran fitsari a ciki, ka cusa a jaka cikin zafin nan. Gobe ka sake haɗa shi da jikinka na awa huɗu. Ko dutse ne kai sai ka yi ciwo."

Kada ku ɗauka Barira ta faɗi tana neman gafara. Yarinyar nan ba sakarya ba ce.

Ta ce, "Inna, na ga ƙazanta. Amma ke kakarsa ce, dole ki kare shi. Sai na ji daga bakin likita."

Na ce, "Kin yi daidai. Ni ma ba likita ba ce."

Da Tukur ya iso ya buɗe bayan mota zai loda akwatuna, na ce, "Ɗan nan, bar su tukuna. Asibiti za ka kai mu."

Ya ce, "Inna, ni ƙanwata aka ce in ɗauko."

Na ce, "Ai har da ita za mu. Ja mu je."

Na ciro tiyon, na ƙulle a leda biyu, na riƙe a cinyata har muka isa.

Likitar mace ce. Lurwanu ya fara 'yan kame-kame, wai jiki ne ba daɗi. Na ajiye mata ledar a tebur na ce, "Likita, ga abokin aikinsa, shi zai fi gaya miki gaskiya."

Ta saurara tsaf. Ta sa aka ɗauki fitsari da jini, nasa da na Barira. Ta yi masa faɗa sosai kan shan maganin kemis ba gwaji. Ta ce da ya ƙara wasa, da ciwon ya hau ƙoda.

Kwana uku muka jira sakamako. Kwana ukun nan Barira a ɗakina ta kwana, akwatunanta a ɗaure.

Ranar Juma'a muka koma. Likita ta dubi takarda, ta dubi Barira.

Ta ce, "Ke lafiyarki ƙalau. Shi kuma ba mu ga cutar da ake ɗauka wajen kwanciya ba. Ƙwayoyin cutar mafitsara ne, irin waɗanda ke taruwa a roba mai datti."

Barira ta juya ta kalli mijinta.

Ta kira shi da sunan 'yarsu, ta ce, "Baban Nusaiba, wata bakwai ina kuka a kan tiyo?"

Ni dai ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. A cikin asibiti! Har wata nas ta leƙo tana tambaya ko haihuwa aka yi.

Ya shanye maganinsa har ƙwaya ta ƙarshe. Aka sayi sabon tiyo da babban sirinji. Likita ta ce duk fitowa daga ruwa ya ɗura ruwa mai tsabta a ciki, ya bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ɗauraye, ya bar shi ya bushe kafin ya naɗe. 'Yar robar kuma sabuwa kullum.

Da ya koma Ikko ya tara abokan aikinsa ya ba su labari, bai rage komai ba. Suka yi ta tsokanarsa. Bayan an watse, mutum huɗu suka same shi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa, "Ni ma fa…"

Shekara guda ke nan da wata biyu ko ciwon kai bai yi ba. Barira tana ɗakinta, kuma da bakinta ta bi gidajen da aka yi gulmar, ta ba su labari.

Darasi:

Ku wanke inda ido ba ya gani, don can cuta ke kwana. Kuma abin da jikinka ke yi, wanda Allah ya halicci kowa da shi, ba abin ɓoye wa matarka da likita ba ne. Kunya tana da kyau, amma in ta kai ga za ta raba ka da lafiyarka da iyalinka, ajiye ta ka buɗe baki.

Ku tura wa duk mai aikin ruwa, da duk mai jinyar da ke amfani da robar fitsari. Ku tura wa mazan nan masu cewa "jiki ne ba daɗi" in an tambaye su. In kuna jin nauyi, ku ce Inna ce ta aiko ku.