Karatun Hutu da Gonar Gero

Da tsohuwar takardar malanta na fara koyarwa a firamaren wani ƙauye kusa da Yasore. Ajina na uku ne, na daɗe a cikinsa har mutanen gari suna kiransa da sunana.

Da aka ce tsohuwar takarda ta daina aiki, sai an ƙaro karatu an yi rajista, an ba mu dama mu yi karatun a dogon hutu. To, dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa. Wanda ya tsara haka, na tabbata bai taɓa tsayuwa a gonar gero lokacin maimai ba. Albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, gona ce ke ciyar da gida.

Na cike takardu, na je Katsina, na zauna kwana kaɗan. Sai aka yi ruwa mai ƙarfi, na kasa jin abin da ake koyarwa, ciyawa kawai nake gani. Na hau mota na dawo. Shekara ta zagayo na sake yin haka. Ba zan ɗora wa gona duka ba. Yayana ya ce zai kama mini noman, na ƙi. Gaskiya zaman benci ne ba na so, ga yara sa'o'in ƙannena suna riga ni amsa.

Hedimasta ya yi ta yi mini magana. Ni kuwa a majalisa nake cewa masu dubawa ba su taɓa shiga ajina sun ga aikina ba, takarda kawai suka sani. Har yau ina nan a kan wannan maganar.

Ranar da aka dawo daga tantance malamai a Batsari hedimasta ya kira ni ofis.

"Malam, na rufa maka asiri iya ƙarfina. Ajin an ba wani."

Wanin nan yaro ne da ni na koya masa karatu. Ya durƙusa ya gaishe ni, yana ta "Baba, a yi haƙuri." Da ya fara koyarwa na tsaya a bakin tagar ajin ina jiran ya yi kuskure. Bai yi ba, abin ya ƙara ɓata mini rai.

Bana na ba yayana gonar. Ranar tafiyata Katsina karatun hutu, ɗan acaɓa ya bi da ni ta gefenta. Ciyawa ta kusa kamo geron, kuma ba kowa a ciki. Ya tambaye ni ko ya tsaya. Na ce masa ya ƙara wuta.