Kuɗin Ko-ta-kwana

Tun ƙafafuna suna da ƙarfi nake uwar adashe. 'Yan takalma da masu sayar da robobi na kasuwar Sabon Gari a hannuna suke zubi, nan gidanmu na Kwaciri. Ban yi karatu ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma ba a taɓa zuwa kwasa na ce a dawo gobe ba.

Dalili shi ne kuɗin ko-ta-kwana, da nake tarawa daga ladan da nake samu a kowane zagaye. Duk shekara bayan Babbar Sallah, ni da maigidana Malam sai mu shimfiɗa tabarma mu zube ƙwallayen dabino, kowane ƙwallo a matsayin zubi ɗaya. Shi kuma ya yi ta jefo mini masifu.

"In wanda ya kwasa farko ya mutu fa?" Sai in ware ƙwallaye gefe.

"In wuta ta ci layin 'yan takalma, duka suka kasa zubi wata uku?" In ƙara warewa.

"To in biyun suka haɗu a wata ɗaya?"

Idan ajiyarmu ta rufe abin da na ware, mu yi hamdala. Idan ba ta rufe ba, shekarar nan ba ni ba sabuwar atamfa.

Bara Allah ya karɓi ran Malam. Har yau in na ji ƙarar buta a soro sai in ɗaga kai, in tuna, in yi kukana. Ba na ɓoyewa.

Ina fita takaba babban ɗana, mai shago a kasuwar Kwari, ya zo ya durƙusa.

"Inna, kuɗin nan kwance suke kamar mara lafiya. Ki ba ni wata uku in sari yadi, in dawo miki da su har da riba."

"Ba kwance suke ba, gadi suke."

"Gadin me? Tun ina yaro ake jiran masifar nan, har na yi furfura ba ta zo ba."

Na ce ya miƙo mini gwangwanin ƙwallaye, ya zauna inda ubansa yake zama. Ya yi dariya. "Inna, bankuna ma da kwamfuta suke wannan lissafin."

"To ashe suna yi. Zauna."

Na yi wa kaina tambayoyin Malam, ina warewa. Ajiyar ta rufe, har da ragowa kaɗan. Ya miƙo hannu yana murmushi. Sai na ce saura tambaya ɗaya. Da, in mutum ya kwasa ya fara ɓuya, Malam ne yake takawa har kasuwa, wajen Bata, ya tsaya masa a bakin rumfa, kunya ta sa ya biya. Yanzu wa zai taka? Mutum uku na sani da kunyar idon Malam kaɗai suke ji. Na ware nasu. Ajiyar ta kasa.

"Ka gani? Ba rara gare ni ba, giɓi ne."

"Wato kin fi yarda da 'yan robobi a kan ɗan da kika haifa?"

"Kai in ka faɗi, ni zan yafe maka. Matar nan mai robobi da take zuba kuɗin hayar rumfarta a hannuna, da wane baki zan ce mata ɗana ne ya faɗi da su?"

Ya tashi ko sallama babu. Juma'a huɗu ke nan bai leƙo ni ba, kuma abin yana cina, don yanayin tafiyarsa sak na ubansa.

Amma ban aika a kira shi ba. Na sayar da awarwarona biyu na cike giɓin. Mutum ukun nan kuwa na aika musu cewa in zagayen nan ya ƙare su nemi wata uwar. Ɗayansu ya zo har ƙofa yana cewa tsufa ya taɓa ni. Na ce ya taɓa, amma ranar Asabar mai robobi za ta kwasa, kuma cif za ta kwasa.