Wa Ta Shayar Da Wa

A gidanmu na Sabiyal ba a kai goron neman aure ko'ina sai an tambayi Bappa. Ƙanen mahaifinmu ne, malamin allo, kuma shi kaɗai ya san wace mace ta shayar da wane jariri a danginmu da maƙwabtanmu. Lokacin ɗibar albasa mata kan taru a gida ɗaya suna yanke ganye da tsince ruɓaɓɓu, in jariri ya tsala kuka uwarsa tana nesa, duk mai goyon da ke kusa ita ke ba shi nono. Wanda kuka sha nono ɗaya da shi kuwa ɗan'uwanka ne, babu aure a tsakaninku. Matan nan sun yi ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya, har sanin ya rage a kan Bappa.

Ni a lokacin ina buga wa mutane takardu a wani shago a Jega. Jihar Kebbi ba ta tsufa ba, kwamfuta kuma baƙuwa ce, mutane har leƙe suke yi ta taga. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Ni na je na sami Bappa na ce masa kai yana mantuwa, na'ura ba ta mantuwa. Ya kalle ni ya ce, “To, Akawu, mu gani.” Akawu yake kirana in yana son tsokana.

Duk ranar Alhamis, da yake babu karatu, nakan hau mota in je. Yana faɗa ina rubutawa a littafi, ran Asabar in buga. Sharaɗi biyu ya kafa mini. Kada in fitar da ko shafi ɗaya a takarda sai an gama, don rabin magana irin wannan tana iya raba gida. Kuma duk shafin littafin da na gama bugawa a kwamfuta in ƙone shi, tunda akwai sunan Allah da addu'ar mamata a ciki, ba ya son ya ga an ƙunshe ƙosai da shi a tasha. Na bi duka biyun. Wata bakwai muna wannan aiki.

Muna dab da gamawa ƙanena ya ga wata yarinya a Gumbin Kure, wajen Maiyama, ita ma ta gan shi. Yaro ne mai shiru, amma a watannin nan har waƙa yake yi a gona. Marigayiya uwar yarinyar ta taɓa zama katanga ɗaya da mahaifiyarmu, wadda ita ma ta rasu. Da aka kai maganar gaban Bappa sai ya juyo gare ni.

“Wagga magana na ba ka ita tun da damana. Tahi ka dubo muna.”

Abin da ban faɗa masa ba shi ne kwamfutar ta yi mako biyu tana ciwo. Takan tashi, amma da na buɗe wurin rubutu sai ta sandare. Mai gyara ya zo ran Asabar da safe, wani siririn mutum da ya koyo aikin a Sakkwato, jakarsa cike da faifai. Ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, ya ce cuta ce ta shiga ta hanyar disket, ƙananan faifan da mutane ke kawo aikinsu a ciki, kuma babu magani sai fomatin. Wato a share babban faifan da ke cikinta tas, a sake zuba mata manhajar da ke tuƙa ta daga farko.

“Ka kwashe kayanka?” ya tambaye ni.

Na ce yanzu. Aikin Bappa yana nan a fuskar kwamfutar, inda nake danna shi kullum. Na sa disket sabo fil, na jawo shi na jefa a ciki. Kafin ƙiftawar ido ya shige. Har na yaba saurinta, na ce ashe da sauran ƙarfinta.

“Ka tabbata?”

Sau uku ya tambaya, a na ukun raina ya ɓaci. Na ce masa shekarata biyu ina zaune gaban na'urar nan, ba yau na fara ganin disket ba. Ya ɗaga kafaɗa. Fuskar ta koma baƙa da fararen rubutu, ta yi wata tambaya da Turanci, ya ce tana cewa komai zai tafi, a ci gaba? Ni na miƙa yatsa na danna.

Na tuna yadda lambobi suka riƙa hawa a hankali, janareta yana ruri a bayan shago. Na sayo mana rake muna sha. Ya sa faifai, ta yi ta gurnani, ta mutu ta tashi, ta sake mutuwa ta sake tashi. Sai bayan azahar ta buɗe da sabuwar fuska, wayam, babu komai a kanta. Wallahi daɗi na ji. Na sa disket ɗina, ga sunan aikin Bappa nan, na danna. Wani ɗan akwati ya fito ya ce bai ga abin da nake nema ba.

Mai gyara ya matso, ya nuna wata 'yar kibiya a gindin ɗan hoton da na danna, wadda na gani sau dubu ban taɓa tambayar ma'anarta ba.

“Malam, wanga ba aikin na ba. Alama ta, awa allon bakin hanya da ka nuna gari. Garin yana can ciki, shi munka share.”

Na yi masa faɗa, na ce me ya sa bai duba ba. Ya bar ni na gama, bai ko tuna mini sau nawa ya tambaya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Daga baya an ce mini da ba a zuba sabuwar manhaja a kai ba, da wataƙila a tono wani abu. Ban sani ba, kuma sanin bai amfane ni ba.

Washegari na tafi Sabiyal. Na sami Bappa a zaure yana gyara alƙalamin kara, ƙanena yana tsugune daga bakin ƙofa don ya ga saukata daga mota. Na faɗi komai ban rage ba. Na shirya wa faɗa, amma Bappa bai yi ba. Ya ajiye wuƙar, ya rufe ido yana motsa leɓe.

“Uwar ɗiyar ga ta shayar da guda cikinku,” ya ce. “Ko shi wanga, ko wansa da yar rasu yana jinjiri. In mamacin na, babu komi. In shi na, ƙanwa tai ta.”

Ya sake rufe ido. Mutumin da ke kawo sunan matar da ta rasu tun ba a haifi ubana ba, ga shi yana lalube. Da ya buɗe ido sai na ga tsoro a ciki, abin da ban taɓa gani ba.

“Shekara arba'in ina bitar ta kullum bayan asuba, awa karatu. Randa nib ba ka, nib bar bita. Na ɗauka na sauke kaya.”

Wannan magana ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ba faifan kaɗai na share ba. Tun ranar da na ce masa na'ura ba ta mantuwa na fara shafe abin daga inda yake zaune lafiya.

An tambayi tsofaffin Sabiyal, an aika Gumbin Kure. Wata ta ce babban ne, wata ta ce ƙaramin, wata ta ce ita a lokacin tana gidansu wankan jego. Bappa ya ce kokwanto ba ya haramta aure, ƙanena yana iya yi, amma shi ba zai iya ɗaukar goron da hannunsa ba. Ƙanena ya yi kwana uku bai je gona ba. A na huɗu ya ce ya haƙura, ba zai iya zama da mace yana dubanta yana tambayar kansa ba.

Shi ya raka ni bakin hanya ranar da zan koma Jega. Mun tsaya muna jiran mota, buhunan albasa jibge a gefenmu. Da motar ta ɓullo sai ya riƙe mini hannun riga.

“Yaya, kai kar rubuta ta, kai kab buga ta. Ko kaɗan ba ka tuna ba?”

Na rubuta layin nan da biro, na buga shi da yatsuna, na karanta shi don gyara kafin in ƙone takardar. Sau uku ya bi ta gabana. Na tsaya ina nema har direba ya yi oda, na ce masa ban tuna ba.