Sirdin da Ya Yi wa Ɗana Yawa

Da mahaifina ya rasu, abin da na gada gona ce guda, da goɗiya, da sirdinsa. Sirdin babba ne, domin marigayin ƙato ne, in ya zauna sai ya cika shi gaba da baya. A gidanmu kuwa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Dutse da Kiyawa, ɗa a kan sirdin magabatansa yake koyon hawa. Ni ma a kansa na koya, sai dai na manta cewa lokacin na kai shekara goma sha biyar.

Babban ɗana yana da shekara bakwai na ɗora shi. Ƙafafunsa ba su kai likkafa ba, sai na ƙulle igiyarta ta gajarta, na ce ya isa. Yaro yana ta yawo a cikin sirdi kamar ludayi a ƙwarya. Goɗiya ta ɗan yi sassarfa, ya sulale ta gefe, ya faɗi a kan hannunsa. Mai ɗori ya gyara hannun, ya warke cikin wata guda. Abin da na faɗa masa ne bai warke ba. Yana kuka a ƙasa na ce, "Tashi, matsoraci!" Daga ranar bai ƙara matsawa kusa da turke ba. Ko harawa aka aike shi ya kai, daga nesa yake jefawa.

Ya girma, kuma da Dutse ta zama babban birnin jiha ya koma can ya buɗe rumfar gyaran babur. Ya yi aure, ya haifi namiji, ya sa masa sunan mahaifina. Saboda haka Babana nake kiran yaron. Duk hutun makaranta ana kawo mana shi, kuma kafin ya gaishe ni sai ya fara gaida goɗiyata, wadda jikar waccan ce.

"Kaka, wannan goɗiyar ta fi ka haƙora."

"To Babana, ai ita ba ta cin goro."

Da ya cika bakwai ya fara naci sai ya hau. Ubansa ya ji. Ya durƙusa a gabana, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ban da hawa. In za a ɗora shi, ba zan ƙara kawo shi ba." Bai taɓa yi mini magana irin wannan ba. Da ya fita, uwarsa ta ce, "Malam, kai ma ka san dalili." Na sani mana. Amma gani nake ƙaramin sirdi kawai zan nemo, magana ta ƙare.

Ran kasuwar Kiyawa na je wurin wani tsoho mai sassaƙar sirdi, na ce ina son ƙarami na yaro.

"Ina yaron? Ina dokin?"

"Suna gida."

"Malam, takalmi ma in za ka saya wa yaro, ai da kara kake zuwa, ka auno ƙafarsa. Koma ka kawo mini su."

Dole na koma na roƙi ɗana. Na ce awo kawai za a yi, ba hawa ba, kuma ya zo ya gani da idonsa. Da ƙyar ya yarda. Kasuwa ta zagayo, ya goyo yaron a babur, ni kuma na zo a kan goɗiya.

Tsohon ya sauke sirdin mahaifina ya ajiye. Ya barbaɗa toka a bayan goɗiya, ya ɗora icen sirdi tsirara, ya danna, ya ɗaga, ya duba inda tokar ta kama. Inda ta kama da yawa, nan icen zai ci mata baya, sai ya sa gizago ya rage. Sannan ya kifa turmi, ya ɗora icen a kai, ya zaunar da Babana. Ya zura hannunsa tsakanin bayan yaron da kwacciya, wato tudun nan na bayan sirdi da ake jingina. Ya ce yatsu huɗu yake nema, kada su fi, kada su gaza. Sai a ice na uku aka dace.

Babana, da yake bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "A auna ni a na Kaka mana!"

Tsohon ya ɗora shi a sirdin mahaifina, ya zura hannu, hannu ya shige har gwiwa. Ya fashe da dariya. "Nan ai sai a ajiye tulu a bayansa! Duk yaron da aka ɗora a wannan, ko ɗan wane ne, sai ya faɗo. Ba kuma laifin yaron ba ne."

Bai san komai game da mu ba. Ɗana kuwa ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira ba, balle in zauna in yi doguwar magana da shi. Amma na juya na dube shi, a tsakiyar kasuwa, na ce, "Kai, ka ji abin da malam ya ce. Ni na kayar da kai, ba goɗiya ba. Kuma na kira ka da sunan da ba naka ba ne. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana murza makullin babur a hannunsa. Can ya ce, "Haba Baba, ya wuce."

Tsohon ya dube ni ya ce, "Au, ashe da mai laifin nake ta hira!" Duk muka yi dariya, har da ɗana, yana goge ido da hularsa.

Bayan mako biyu sirdi ya kammala. An gama girbi, muka fita gonar bayan gida. Ɗana da kansa ya ce a ba shi ragama, shi zai ja. Babana ya zauna daram, ƙafafu cikin likkafa, yana ihu wai a matsa masa hanya. Sau uku suka zagaya gonar.

Da aka sauke shi ya ce, "Abba, saura kai."

Na buɗe baki zan tsawata masa, sai na ji ɗana ya ce, "Baba, ɗauko sirdin kaka." Na ɗauko, na ɗaura, ya taka likkafa ya hau. Ban san lokacin da na zura hannu a bayansa ba. Yatsu huɗu cif.

Ya leƙo ni daga sama ya ce, "Baba, ashe shekara ashirin da wani abu ka yi gaggawa."

Uwarsa tana leƙe ta kan danga, ta rangaɗa guɗa har goɗiya ta zabura. Bai faɗo ba. Ya ja linzami yana dariya, ya nufi ƙarshen gona, Babana na bin sa da gudu yana cewa a dawo masa da dokinsa.