Kompadre Eusebio, Ka Tafi Ba Ka Nuna Mini Furen Ba

Ranar Laraba, sha huɗu ga Janairu, Allah ya karɓi ran Eusebio Tiul. Labarin ya same ni kwance cikin kwazazzabo da targaɗe a ƙafa, don na saci jiki na hau dutse neman monja blanca, farin furen da ke fitowa a reshen bishiya, ni da ko akuyata ta ɓace sai maƙwabta sun nemo mini. A kan alfadari aka kai ni jana'izarka, kompadre, kamar buhun kofi.

Kai ka riƙe 'yata Petrona ranar baftismarta, shi ya sa nake ce maka kompadre. Shekarar da ciwo ya cinye gonata, masararka muka ci har kaka, ba ka taɓa gori ba. 'Yan kasuwar furanni sun yi ta sintiri gidanka don ka nuna musu inuwar da farin furen yake fitowa, kai kuwa sai ka ba su koko mai zafi ka raka su bakin hanya.

Ni ma haka ka yi mini. Kullum na tambaya sai ka ce, "Baɗi, Macario, in ƙafarka ta yi ƙwari." Na ɗauka amini ne ni. Sai a zaman makoki Petrona ta ja ni gefe ta ce tun tana budurwa kake hawa dutsen da ita zuwa wurin furen, ka sa ta rantse kada ta gaya mini.

Na ce, "Ni ubanki?"

Ta ce, "Baba, kofi biyu na giya, duk kasuwar Cobán ta ji."

Gaskiya ta faɗa, amma ta yi zafi. Shekara da shekaru kuna dawowa da laka a ƙafa, ina ba ku labarin inda nake zaton furen yake, kuna gyaɗa kai. Ban yafe wannan ba tukuna.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Uwargida Doña Matilde da yara, Allah ya ba ku haƙuri.

Petrona ta ce reshen da furen yake kai ya ruɓe, dole a mayar da shi wata bishiya kafin damina, kuma ita kaɗai ba ta iya riƙe igiya. Ka bar wasiyya a tafi da ni, a ɗaure mini ido da ƙyalle tun daga gindin dutse. Masararka tana cikina, kompadre. Ƙafar na warkewa zan je, a makance.