Kayen Yaya Isufu da Idanuna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Isufu, kuma har yau ban sauke amanar da ya ba ni ba.

Direban babbar mota ne a nan ƙasar waje da muke zaune. Daga garin Sterling yake ɗaukar kaya zuwa jihar Louisiana, ya dawo da labari. A can ne ya ji Faransancin da muka koya a lakwal, makarantar boko, a Maraɗi yana fitowa daga bakin masu Turanci. Banquette, da muka sani kujerar mota, su a wajensu gefen titi ne na masu tafiya a ƙasa. Levee, tudun da ake tare kogi da shi. Lagniappe kuwa gyara ce, irin wadda mai tumatir ke ƙara maka. Duk kalmar da ya ji sai ya zuba ta a kaye, ɗan littafinsa na aljihu, ya rubuta ma'anarta da Hausa, amma da ajami.

A asibiti ya miƙo mini shi, ya ce: "Ka karanta wa Hadiza. Ta san ubanta ba kurma ba ne a ƙasar nan."

Hadiza 'yarsa ce, a nan aka haife ta. Tana jin Hausa, tana amsawa da Turanci, ajami kuwa ko bihim. Hannun Yaya ma ni kaɗai nake iya karantawa. Na ce sai ta gama makaranta. Ta gama. Na ce sai ta samu aiki. Yanzu nas ce a Alexandria. Tsorona kada in karanta wani abu ba daidai ba, in ɗora wa mamaci abin da bai faɗa ba.

Da yana raye, me zai ce? Shi da yake tsayar da baƙo a gidan mai don kalma ɗaya, yau mutanenmu a Wheaton suna rage murya in za su yi Hausa a titi. Ina jin ba su zai fara yi wa faɗa ba, ni ne.

Watan jiya likita ya ce suga ya taɓa idanuna. Na kira Hadiza. Ta ce: "Baffa, bari aiki ya yi sauƙi, zan zo." Ni na koya mata wannan jinkirin.

Mota an sayar, tufafi an rabar. Abin da ya rage na Isufu shafi arba'in ne. Jiya da hantsi na buɗe kayen a bakin taga. Shafi na tara, akwai layi biyu da na kasa gani. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya ba ni lokaci.