Iskar Murhun Kumandan

Bari in faɗa tun da fari, kada jikokina su riga ni: wawan labarin nan ni ne. Wata Lahadi ce, kasuwar Filingue na ci, girbi na biyu bayan an kama ni an kai lakwal, makarantar Anasara, na shiga madafar gidan kumandan, Anasaran da ke mulkin ƙasar, da ɗaurin itace a ka, na tarar da Kawu Dari, ƙanen uwata, wanda shi ne kukun gidan, durƙushe gaban murhun ƙarfe yana hura wuta, hawaye da majina sun haɗu a haɓarsa. Hayaƙi ya cika ɗakin har ƙadangarun rufi sun yi ƙaura.

Shi murhun nan a kan raƙumi aka kawo shi daga Yamai, baƙi ƙirin, ƙafa huɗu, da bututu wanda ya huda rufi. Kwanakin farko wuta na ci a cikinsa har da gurnani. To ni, malami mai girbi biyu a lakwal, wanda ya san A ya san B ya kuma ji labarin C, sai na hango wata 'yar ƙofa mai huji-huji can ƙasa. A gidanmu in iska ta taso, uwata takan kare murhu da fasasshen kasko. Na ce a raina, ashe Anasara ma yana mantuwa. Ran Alhamis ɗin da ta gabata, ba lakwal, Kawu ya tafi rijiya, na kwaɓa laka da kashin shanu na shafe hujin nan tas, na goga baƙin tukunya a kai don kada gyaran ya ɓata kyan ƙarfe. Ban gaya wa kowa ba, ina jiran ranar yabo. Kuma na rantse, da murhun ya fara tari, ko kusa ban haɗa shi da aikina ba. Ina gyara ina ɓarna?

Abin ba na dariya ba ne a lokacin. Kumandan ya fita zagayen ƙauyuka, Talata zai dawo, kuma burodi yake so ya tarar. Madafar nan ita ce ta tsare Kawu daga aikin tilas. Kukun da ya gabace shi nama kawai ya ƙona, aka tura shi ɗaukar duwatsun hanya, ya dawo gida da tarin da bai rabu da shi ba.

Tun ran da murhun ya fara tari babu abin da ba mu yi ba. Muka bar sabara muka koma geza, muka bar geza muka koma kalgo. Muka faskara itacen sirara muka shanya a rana. Na hau rufi na zura kara cikin bututu ko tsuntsu ya yi sheƙa, ban fito da komai ba sai baƙin da ya rufe mini ido. Wuta ta kama, ta yi ja, ta kwanta kamar mai zazzaɓi. Daga nan zato ya shigo. Kawu ya tuna gardin da ke tsaron ƙofa yana da ƙane mai son aikin kuku, ya daina shan ruwan randar da gardin ke sha. Gardin kuma ya ce a binciki Buzun da ke kawo itace, mai yawan murmushi. Ni na zargi duka biyun. Na barbaɗa toka a bakin madafa don in kama sawun mugu, da na dawo sai sawun kaza da nawa. Na zargi kazar.

Daga ƙarshe gardin ya rage murya ya ce iska ce. Ƙarfen nan daga ƙasar wasu aka haƙo shi, ya zo da mai shi, kuma ba a gaishe shi ba. Kawu mutum ne mai salla, amma duwatsun hanya sun fi kunya nauyi, sai ya aika aka kira Kaka, uwarsu shi da uwata, wadda ƙasar Kurfey duka ta san ta san mutanen ɓoye.

Litinin da hantsi ta iso, ba turare ba garaya, sandarta kawai. Na tare ta a ƙofa, na gyara tsayuwa. Na ce, "Kaka, mushe malaminmu na lakwal ya ce babu iskoki, jahilci ne." Ko kallona ba ta yi ba. Ta zagaya murhun sau biyu, ta durƙusa da kyar, ta shinshina. Ta ce, "Dari, wanga ƙarhe na Anasara, mi ya sa shika warin garke?" Ta sa farce ta kankara, laka ta ɓalle a tafinta, ga shaidar 'yan yatsu huɗu a jiki, ƙanana. Kawu ya cusa kara ya kunna, murhun ya ja numfashi ya yi gurnani. Kawu ya dubi lakar, ya dubi hannuna, na ɓoye shi a baya. Talata kumandan ya ci burodinsa, bai san an yi ba. Gardin kuwa sai da Kawu ya bi shi da goron ban haƙuri.

Yau jikata na murɗa wani abu wuta shuɗiya ta fito daga tulun ƙarfe, ba hura ba hawaye, ba kuma wanda ke shinshina komai. Gidan kumandan ya rushe, masu madafar nan duk sun tafi sai ni. Wani lokaci in hayaƙin geza ya biyo ta kan danga, nakan ji kamar in waiwaya.

A hanyar gida ran Litinin ɗin nan, ina riƙe da sandar Kaka, na nemi in tsira da ɗan mutuncina. Na ce, "Amma dai Kaka kin gani, ba iska a ciki."

Ta ce, "Gaskiyar mushenka, mai gidana, ba iska ciki. Ina za ta bi ta shiga, malami ya tsare ƙohwa da kashin shanu?"